Tambaya kan Lang Ping: shin gwanin ɗan wasan ƙwallon raga shi ke zama gwanin koci?

Ɗan Lamba Huɗu ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa masu sha'awar ƙwallon raga. Na shafe shekara goma sha ɗaya ina buga wannan wasa, tun ina makarantar sakandare har na kai ga buga wa jiharmu, kuma duk tsawon lokacin nan a gaban raga ta ɓangaren hagu nake tsayawa, wurin da ake kira lamba huɗu, wato ni ake ɗaga wa ƙwallo in doka. Shekara biyu da suka wuce gwiwata ta dama ta ƙi, likita ya ce idan ina so in tsufa ina takawa da ƙafata ba tare da sanda ba, to in haƙura da tsalle, na kuwa haƙura. A farkon zangon karatun bana wata makarantar 'yan mata da ke garinmu ta nemi in riƙa horar da ɗalibanta sau uku a mako, na karɓa da murna, domin a ganina wanda ya san wasa kamar yadda na san shi ba zai sha wahalar koyar da shi ba.

Yau wata huɗu ke nan, kuma ban ji daɗin aikina ba. Abin da jikina ke yi ba tare da na yi tunani ba, kamar takun nan uku kafin tsalle, ko sanin lokacin da hannu zai sauka a kan ƙwallo, sai in ga yarinya ta kasa yin sa bayan na nuna mata sau ashirin, idan kuma ta tambaye ni yadda ake yi, ba ni da wata amsa sai dai in sake nuna mata. Raina yana ɓaci, muryata tana tashi, har yara biyu sun daina zuwa fili, kuma na san ni ne dalili.

Wani abokina ya ce in bibiyi tarihin Lang Ping ta ƙasar Sin, wadda ta ci lambar zinare ta Olamfik tana 'yar wasa, ta sake ci tana koci. Ina roƙon wanda ya san labarinta da kyau ya faɗa mini: ƙwarewarta a fili ce ta mai da ita koci, ko kuwa akwai wani abin da ta nemo daga baya wanda ni ban nema ba?

Tsohon Malamin Motsa Jiki ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa. Na koyar da motsa jiki shekara talatin kafin in yi ritaya, kuma abin da ka kwatanta na gan shi a wurin kusan duk tsohon ɗan wasan da aka kawo mana ya taimaka da horo, saboda haka kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Zan ɗan tsawaita a kan tarihin matar nan, domin amsar tambayarka tana cikin wasu shekaru na rayuwarta da masu yabonta ba su cika ambata ba.

An haifi Lang Ping a watan Disamba na 1960, ta shiga tawagar mata ta ƙasar Sin a 1978 a ƙarƙashin koci Yuan Weimin. Mai kai hari ce irinka, kuma nauyin dukanta ne ya sa mutanen ƙasarta suka yi mata laƙabi da Gudumar Ƙarfe. Da ita Sin ta ɗauki Kofin Duniya na 1981 a Japan, bayan ta doke masu masaukin baƙi da zagaye 3 da 2 a wasan ƙarshe, kuma wannan shi ne karon farko da ƙasar ta zama zakarar duniya a ɗaya daga cikin manyan wasannin ƙwallo uku, wato ƙafa da kwando da raga. A 1982 suka ci Gasar Zakarun Duniya a Peru, wadda a ƙwallon raga gasa ce daban da Kofin Duniya. A Olamfik ta 1984 a Los Angeles, Amurka ta doke su a wasan rukuni, amma da suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe Sin ta ci zagaye 3 da nema, ta ɗauki zinare. Suka ƙara da Kofin Duniya na 1985. A 1986, tana da shekara 25 kacal, ta ajiye wasa, ta zama mataimakiyar koci a tawagar da ta ci Gasar Zakarun Duniya ta wannan shekarar, kofi na biyar ke nan a jere.

To, a nan nake so ka tsaya. A lokacin babu wata 'yar wasa a Sin da ta kai ta suna, kuma abin da aka saba yi wa irinta shi ne a ba ta kujera a hukumar wasanni ta zauna ana gaishe ta har ƙarshen rayuwarta. Ita kuwa a 1987 sai ta tafi Amurka, ta shiga Jami'ar New Mexico, ta koyi Turanci, ta karanci harkar tafiyar da wasanni, tana kuma yi wa kocin tawagar matan jami'ar mataimakiya. Ka duba wannan da kyau: macen da shekara uku da suka wuce ta doke tawagar Amurka gaba ɗaya a gaban jama'arsu, ita ce ke tsaye tana jefa wa ɗaliban jami'a ƙwallo, yaran da ko kusa ba su kai ta ba, tana yi musu bayani da harshen da bai zauna a bakinta ba tukuna. A ra'ayina a nan ne aka haifi kocin. Wanda ke koyarwa da baƙon harshe ba shi da damar yin dogon surutu, dole ne ya rarraba motsi gaɓa-gaɓa, ya nemo kalma biyu ko uku da za su isar da kowace gaɓa, dole ne kuma ya kalli jikin ɗalibar ya gano inda kuskuren ya faro, domin ita ba za ta iya gaya masa ba. Abin da ya rage maka ke nan, ɗana. Hannunka ya san aikin, amma ba ka taɓa tilasta wa bakinka ya faɗe shi ba.

Bayan haka ta koma fili na ɗan lokaci. Ta buga wa ƙungiyar Modena ta Italiya a 1989, sannan a 1990 ƙasarta ta sake kiranta, ta buga Gasar Zakarun Duniya da aka yi a gida, inda Tarayyar Sobiyet ta doke su a wasan ƙarshe a Beijing. Gwiwarta ita ma ta riga ta lalace, kuma an yi mata tiyata ba ɗaya ba biyu ba a tsawon rayuwarta, don haka ciwonka ta san shi.

Sai a 1995, shekara tara bayan ta fara ajiye wasa, ta karɓi ragamar tawagar ƙasarta, a lokacin da tawagar ta faɗi ƙasa warwas, domin ta zo ta bakwai a Olamfik ta 1992 a Barcelona, ta kuma zo ta takwas a Gasar Zakarun Duniya ta 1994. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni ta kai su wasan ƙarshe na Olamfik ta 1996 a Atlanta, inda suka samu azurfa, sannan wata azurfar a Gasar Zakarun Duniya ta 1998. Duk sau biyun Kuba ce ta tare su, kuma Kuba ta wancan zamani, mai Mireya Luis da Regla Torres, ita ta ci zinaren Olamfik sau uku a jere daga 1992 zuwa 2000, saboda haka ba abin kunya ba ne a faɗi a hannunta. Rashin lafiya ya sa Lang Ping ta sauka, ta koma Italiya tana horar da ƙungiyoyi irin su Modena da Novara da Jesi, inda ake haɗa 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban, kowace da irin tarbiyyar wasan da ta taso da ita, kuma babu wadda za a iya ba wa umarni irin na sansanin soja kamar yadda aka yi wa ita Lang Ping a ƙuruciyarta. A 2005 Amurka ta ɗauke ta, ta kai matan Amurka ga azurfa a Olamfik ta 2008. Ta yi shekara guda a Turkiyya, daga nan ta karɓi ƙungiyar Guangdong Evergrande tana rukuni na biyu a gasar ƙasar Sin, ta hau da ita rukuni na farko. Sai a 2013 ta sake komawa tawagar ƙasa, zinaren kuma ya zo a 2016.

Ka lissafa: tsakanin zinarenta na 'yar wasa da zinarenta na koci akwai shekara 32. Kai kuma wata huɗu ka yi.

Mai Ɗaga Ƙwallo ya rubuta:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma, mun ƙaru ƙwarai. Ina neman afuwa zan ɗan saɓa, ba don tarihin da ka kawo yana da gyara ba, sai don ina tsoron ɗan uwanmu ya ɗauki misalin da bai dace da yawancin mutane ba ya auna kansa da shi. Lang Ping ba ita ce ƙa'ida ba. Idan muka duba manyan masu horarwa da suka fito daga fili, za mu ga cewa da yawansu masu ɗaga ƙwallo ne, waɗanda muke kira seta.

Bernardo Rezende na Brazil, wanda aka fi sani da Bernardinho, seta ne, kuma a tawagar da ta ci azurfa a 1984 ma ba shi ne na farko a matsayinsa ba, amma ya kai matan Brazil ga tagulla a 1996 da 2000, ya kuma ci zinare da mazan ƙasar a 2004 da 2016. José Roberto Guimarães shi ma seta ne, ya ci zinare da maza a 1992, da mata a 2008 da 2012. Nikola Grbić, setan Yugoslabiya da ta ci zinare a Sydney a 2000, shi ya kai mazan Poland wasan ƙarshe na Olamfik ta 2024. Ferdinando De Giorgi, wanda ya zama zakaran duniya sau uku yana seta a tawagar Italiya, ya dawo ya ci wannan gasa yana koci a 2022. Wannan ba dace ba ne kawai. Seta ne ke taɓa ƙwallo ta biyu a kusan kowace musaya, dole ne ya san tsayin da kowane mai kai hari yake so a ɗaga masa da saurin da yake so, ya san wanda ya gaji da wanda ya tsorata, yana kuma kallon masu tare raga na abokan hamayya ta wutsiyar ido. Duk rayuwarsa a fili tunanin jikin wasu yake yi. Mai kai hari kuwa, ba don in raina aikinka ba ɗan uwa, tunanin jikinsa yake yi, shi da ƙwallo da hannuwan da ke gabansa. Ko Karch Kiraly da ake haɗa shi da Lang Ping, wanda ya ci zinare a 1984 da 1988, ya ƙara da na yashin bakin teku a 1996, sannan ya ci na koci da matan Amurka a Olamfik ta Tokyo a 2021, ya yi aikin seta a jami'ar UCLA kafin ya shiga tawagar ƙasa, kuma ya zauna mataimaki a ƙarƙashin Hugh McCutcheon na tsawon zango guda na Olamfik kafin a ba shi ragama a 2012.

Akwai kuma waɗanda ba su taɓa zama taurari ba sam. A ƙasar Sin ɗin ma, wanda ya ci zinaren 2004 a Athens, bayan Rasha ta riga ta ci zagaye biyu na farko a wasan ƙarshe, shi ne Chen Zhonghe, mutumin da aikinsa a zamanin su Lang Ping shi ne ya riƙa doka wa matan ƙwallo a wurin atisaye yana kwaikwayon salon abokan hamayyarsu. Ya yi shekaru yana kallon wasa daga gefe, ya san yadda kowace take motsi. Julio Velasco ɗan Ajantina bai yi wani suna a duniya yana ɗan wasa ba, amma shi ya gina mazan Italiya da suka ci Gasar Zakarun Duniya a 1990 da 1994, shi kuma ya ba matan Italiya zinare a 2024.

Shawarata gare ka, ɗan uwa, tunda gwiwa ta hana ka tsalle amma ba ta hana ka tsayuwa ba, ka shiga cikin yaran nan a wurin atisaye ka zama setansu na wata ɗaya ko biyu. Idan kai ne ke ɗaga wa yarinya ƙwallo, za ka ga da idonka cewa ta taso da wuri ko ta makara, za ka ga ƙafar da take sawa a gaba, abin da ba za ka gani ba idan kana tsaye a bakin layi kana jiran ta doka irin dukanka.

Yayarku Ta Benci ta rubuta:

Salamu alaikum. Ƙanina mai tambaya, ni ban kai matsayinka a wasa ba. Na buga wa jami'armu shekara huɗu, kuma yawancin wannan lokaci a benci na yi shi, shi ya sa abin da ya fi ɗaukar hankalina a aikin Lang Ping shi ne yadda take ɗaukar waɗanda ba su cikin shidan farko. Malam ya tsaya a bakin 2013, bari in ɗora daga nan.

Lokacin da ta dawo, Japan ta fitar da Sin a zagayen 'yan takwas na Olamfik ta 2012 a Landan, kuma a shekararta ta farko ma tawagar ta zo ta huɗu a gasar nahiyar Asiya, abin da ya jawo mata suka mai zafi a gida. Al'adar da ta tarar ita ce a riƙe 'yan wasa shida ko bakwai a yi ta buga su har jikinsu ya ƙare. Ita sai ta buɗe ƙofar sansani, ta riƙa kiran yara masu yawa daga larduna tana gwada su a gasa daban-daban, ta kuma kawo masana lafiyar jiki da masu kula da rauni daga waje. A cikin waɗanda ta jawo akwai Zhu Ting, yarinya daga ƙauye a lardin Henan, mai tsayin mita 1.98, wadda ta shiga babbar tawaga tana da shekara 18. Akwai Yuan Xinyue da Zhang Changning, daga baya kuma Gong Xiangyu. A 2014 suka kai wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Duniya a Milan, inda Amurka ta Karch Kiraly ta doke su, shi da Lang Ping mutum biyu da aka haifa a shekara ɗaya, suka ci zinare a gari ɗaya a 1984, suna fuskantar juna daga benci bayan shekara talatin. A 2015 suka ɗauki Kofin Duniya duk da cewa kyaftin ɗinsu Hui Ruoqi ba ta je ba saboda ciwon zuciya.

A Olamfik ta 2016 a Rio ne amfanin wannan tsari ya fito fili. A rukuni Sin ta sha kashi sau uku, a hannun Holan da Sabiya da Amurka, ta fito a matsayi na huɗu, wanda ya haɗa ta da Brazil a zagayen 'yan takwas. Brazil ce ke riƙe da zinaren 2008 da na 2012, a gida take, kuma ba ta rasa ko zagaye ɗaya ba a wasanninta biyar na rukuni. Zagayen farko Brazil ta ci 25 da 15, filin Maracanãzinho kamar zai tsage don ihu. Lang Ping ta taso da Liu Xiaotong daga benci, wadda ba ta cikin waɗanda ake fara wasa da su, ta kuma riƙa musanya setocinta biyu, Wei Qiuyue da Ding Xia, gwargwadon yadda wasa ya juya. Sin ta ci zagaye biyu a jere, Brazil ta farke, aka je na biyar, Sin ta ci 15 da 13. Daga nan suka rama a kan Holan da 3 da 1, suka rama a kan Sabiya da 3 da 1 a wasan ƙarshe bayan sun rasa zagayen farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yarinyar da aka taso daga benci a irin wannan dare ba za ta iya tsayawa da ƙafarta ba sai idan an shafe shekaru ana horar da ita kamar wadda za a fara wasa da ita, ana kuma nuna mata cewa an san da zamanta.

Ina ganin abin da ya koya mata wannan shi ne zamanta a Amurka. 'Yan wasanta na can, irin su Logan Tom da Danielle Scott, manyan mata ne masu buga wa ƙungiyoyi a ƙasashen waje, waɗanda za su tambayi koci dalilin kowane atisaye kafin su yi shi. A 2008 ta zo da su har Beijing, garin da ta taso, suka doke ƙasarta da 3 da 2 a rukuni, wasu 'yan ƙasar suka zarge ta da juya wa gida baya, wasu da yawa kuma suka tafa mata a filin. Ta jure wannan duka, ta kai Amurka wasan ƙarshe karo na farko tun 1984, wato tun ranar da ita da kanta ta hana su zinare.

Game da yaran nan biyu da suka daina zuwa, ƙanina, ina roƙonka kada ka bar maganarsu ta wuce. Ka san yadda yarinya ke shan wahala kafin a gida a yarda ta tsaya bayan an tashi daga makaranta don wasa. Idan ta samu wannan izini da ƙyar, ta zo fili aka daka mata tsawa a gaban ƙawayenta, ba ta da dalilin komawa gida ta sake roƙo. Ni ma akwai shekarar da na kusa barin wasa saboda wani koci da bai taɓa kiran sunana ba sai idan na yi kuskure. Ka nemi malamar ajinsu ta haɗa ka da su, ka ba su haƙuri a gabanta, domin ta haka ne maganar za ta isa ga iyayensu da mutunci.

Tsohon Malamin Motsa Jiki ya rubuta:

Na gode muku duka biyu. Mai Ɗaga Ƙwallo, maganarka kan setoci gaskiya ce, kuma shawarar da ka bayar ta fi duk abin da na rubuta amfani a aikace. Abin da zan ƙara kawai shi ne Andrea Giani, wanda bai taɓa zama seta ba, ya ci zinare da mazan Faransa a 2024, don haka ƙofar ba a rufe take ga mai kai hari ba, sai dai shi dole ne ya je ya koyo da gangan abin da seta ya samu a cikin aikinsa.

Akwai dalili na biyu da ya sa ba za a iya cewa wasanta ne ya yi mata koci ba. Wasan da ta buga ba shi ne wanda ta horar a Rio ba. A zamaninta sai wanda ke da sabis, wato bugun da ke fara musaya, ne ke samun maki, zagaye kuma a 15 yake ƙarewa, babu kuma libero, wato ɗan wasan da aikinsa tsaron baya ne kawai. A ƙarshen shekarun 1990 ne aka shigo da libero, aka kuma koma tsarin da kowace musaya ke ba da maki har zuwa 25. Wannan ya sauya darajar kuskuren sabis, ya sauya yadda ake jera masu karɓar ƙwallo, ya sauya lokacin da koci zai nemi hutun shawara, domin maki uku a jere yanzu suna iya kashe zagaye. Wanda ya dogara da abin da jikinsa ya tuna daga 1984 da tuni an bar shi a baya.

Kuma kada mu ɓoye ƙarshen, tunda 'yata ta Benci ta tsaya a kan nasara. Bayan tagulla a Gasar Zakarun Duniya ta 2018, da ɗaukar Kofin Duniya na 2019 inda suka ci wasanni 11 ba tare da faɗuwa ba, sun je Tokyo a 2021 ana ganin su ne masu zinare. Zhu Ting tana fama da rauni a wuyan hannunta na dama, tawagar kuma ta riga ta jingina da ita fiye da kima. Turkiyya da Amurka suka doke su 3 da nema, 'yan wasan Rasha suka doke su 3 da 2, aka fitar da su tun a rukuni. A ganina kuskure ne na koci, domin matar da ta yi suna wajen shirya benci ba ta shirya wadda za ta ɗauki nauyin Zhu Ting ba. Ta fito ta ɗauki alhakin a kanta, ta nemi afuwar jama'a, ba ta ɗora wa yaran ba. Bayan wasansu na ƙarshe da Ajantina, 'yan wasan suka jeru suka rusuna mata suna kuka, daga nan ta sauka.

Ɗan Lamba Huɗu ya rubuta:

Baba Malam, Yaya, da ɗan uwana Mai Ɗaga Ƙwallo, Allah ya saka muku da alheri. Na karanta amsoshinku fiye da sau ɗaya. Jiya na je wurin malamar ajin yaran nan biyu kamar yadda Yaya ta ce, ta kira su, na ba su haƙuri. Ɗaya ta ce za ta dawo ranar Laraba, ɗayar kuma ta ce sai ta sake yi wa mahaifinta magana, malamar ta yi alkawarin za ta raka ta.

A atisayen yau na tsaya a matsayin seta, kuma cikin minti goma na gano cewa yarinyar da na fi yi wa faɗa bahaguwa ce, amma takun na-dama na koya mata, shi ya sa kullum take isa ƙarƙashin ƙwallo a karkace. Wata huɗu ina kallonta ban lura ba. Na juya mata takun, ya zama dama, hagu, dama, na sa ta maimaita shi ba tare da ƙwallo ba tana ƙirgawa da baki, kuma kafin mu tashi ta tsallake raga da duka biyu masu kyau.

Baba Malam, ina da ƙarin tambaya ɗaya. Ragar makarantar a tsayin mita 2.24 aka ɗaure ta, irin na manyan mata, alhali yawancin yaran 'yan aji ɗaya ne da aji biyu na ƙaramar sakandare. Shin in sauke ta har sai hannunsu ya saba da duka daga sama, ko kuwa hakan zai ɓata musu lissafin tsalle idan aka mayar da ita daidai lokacin gasa?